Martani Ga Masu Kukan Cewa Kundin Ɗa'a Ya Kashe Cancanta a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ranar 16 ga Satumba, 2018, Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara rubuta Linux a 1991, ya fito ya nemi afuwar abokan aikinsa bisa zagi da cin fuskar da ya shafe shekaru yana yi musu, ya ce zai ɗan janye daga aiki ya je ya gyara halinsa. A daidai lokacin aka shigar da sabon kundin ɗa'a cikin aikin Linux, wanda aka ɗauko daga Contributor Covenant, kundin da Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014. Tun daga nan ƙura ba ta lafa ba. Duk sa'ad da aka dakatar da wani sanannen marubucin manhaja, sai a sake zaro tsofaffin zarge-zarge a kaɗe su a baza.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Linux ce ginshiƙin kowace wayar Android, kuma ita ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ya dogara da su. Don haka yadda masu rubuta ta ke zama da juna ya shafi har wanda bai taɓa jin sunanta ba. Zan bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su da tushe balle makama, ɗaya kuwa yana da nauyi, kuma zan ba shi haƙƙinsa idan mun iso kansa.

Zargin farko, wanda shi ne uwar sauran, wai an yanka cancanta. Masu wannan magana suna cewa a da babu ruwan kowa da sunanka ko jinsinka ko launin fatarka. Ka aiko gyara, in ya yi kyau a karɓa, in bai yi ba a watsar. Yanzu kuwa, in ji su, an koma duba fuska. Labarin yana da daɗin ji, sai dai alƙaluma ba su san da zamansa ba. Binciken FLOSSPOLS, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa aka fitar a 2006, ya ƙiyasta mata kashi 1.5 cikin 100 ne na masu aikin buɗaɗɗiyar manhaja, alhali a kamfanonin da ke rubuta manhajar sayarwa sun kai kashi 28. Sana'a ɗaya ce, ilimi ɗaya ne. A 2017 kamfanin GitHub ya tambayi mutum 5,500 daga cikin masu wannan aiki, ya samu kashi 95 maza ne, mata kashi 3. Duk mai cewa ma'aunin cancanta kaɗai ya haifar da wannan, to ya daure ya faɗi abin da yake nufi a fili: cewa mace ta iya aikin idan tana ofis ana biyan ta albashi, amma basirar takan gudu da zarar ta shigo fagen sa-kai.

Akwai ma gwajin da ya fi wannan kaifi. Josh Terrell da abokansa sun duba gyare-gyare kimanin miliyan 3 da aka aika ta GitHub, suka buga sakamakon a mujallar PeerJ Computer Science a 2017. Gyaran mata an karɓi kashi 78.7 cikin 100, na maza kashi 74.6. Wato a dunƙule aikin mata ya fi karɓuwa. Amma da aka ware baƙi, waɗanda masu aikin ba su san su ba, sai aka ga cewa macen da sunanta ko hotonta ya nuna mace ce an fi ƙin gyaranta fiye da namijin da aka gane namiji ne. Gaskiya ne maza ma karɓuwarsu ta ragu idan an gane jinsinsu, amma ta mata ta fi raguwa. Ba na cewa bincike ɗaya ya rufe magana. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya yi iƙirarin ma'auninsa makaho ne, shi ya kamata ya kawo hujja, kuma hujjar da ke hannu ba ta tare da shi.

Sannan a buɗe kundin a karanta. Babu layi ɗaya a cikinsa da ya ce a karɓi aiki mara kyau don mace ce ta aiko. Cikin watan Oktoban 2018 masu kula da Linux suka ƙara takardar bayani kan yadda za su fahimci kundin, inda suka nanata cewa sukar aiki da ƙin karɓarsa suna nan daram. Har yau Torvalds yana watsi da gyaran da bai gamshe shi ba, kuma ba da murmushi yake yi ba. Abin da aka hana shi ne a tsallake aikin a dira kan mai aikin.

Nan ne zargi na biyu ke shigowa: wai zafin bakin nan shi ne katangar inganci, da ba don tsoron a ci masa mutunci ba da kowane ɗan koyo ya turo shirme. Wannan ya fi kowanne ba ni mamaki, domin masu faɗinsa suna ƙirga waɗanda suka jure suka zauna, ba sa ƙirga waɗanda suka tattara nasu ya nasu. Alan Cox, wanda aka daɗe ana ɗauka na biyu ga Torvalds, ya ajiye kula da wani sashe na Linux a 2009 bayan wata cacar baki tsakaninsu. Sage Sharp, da a lokacin ake kira Sarah, shi ne sunan da ke kan aikin da ya sa Linux ta iya amfani da USB 3.0, koken Sharp kan zage-zage ya fito a 2013, ficewar kuma ta biyo baya a Oktoban 2015. Guido van Rossum, mahaifin harshen rubuta manhaja na Python, ya sauka daga shugabancinsa a Yulin 2018 bayan wata muhawara kan ƙaramin sauyi ta koma yaƙi. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne, kuma yawancinsu ba mata ba ne. Buɗaɗɗiyar manhaja aikin gayya ce: babu wanda aka ɗauro da igiya, kuma mai gonar da ya tsaya bakin kunya yana zagin manoma, gobe shi kaɗai zai riƙe fartanya.

Abin da ya faru da XZ Utils ya isa a yi tunani. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfutar Linux, kuma mutum ɗaya ɗan sa-kai ne ya yi shekaru yana ɗauke da ita. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka taso shi a gaba da gori da matsin lamba, wai ya cika nawa, wai ya miƙa aikin ga wanda zai iya. Ya gaji, ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan dama. A Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata, ya bi diddigi, sai ga ɓarauniyar ƙofa da aka dasa wadda da ta bazu da an iya kutsawa cikin kwamfutoci marasa adadi. Ba zan ce kundin ɗa'a zai hana wannan ba. Amma gorin da aka yi amfani da shi a matsayin makami bai ɗaga hankalin kowa ba a lokacin, saboda irinsa ake gani kullum. Inda wulaƙanci ya zama ruwan dare, maƙiyi ma da shi zai shigo, ba wanda zai tambaye shi daga ina.

Na uku: wai mata ne ba sa so, halitta ce. Idan halitta ce, to halittar tana canzawa da shekara da kuma ƙasa. Mata shida ne suka tsara ayyukan ENIAC, kwamfutar da aka nuna wa duniya a 1946. Margaret Hamilton ce ta jagoranci rukunin da ya rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka kan wata a 1969. A Amurka mata sun kai kashi 37 cikin 100 na masu samun digirin farko a kimiyyar kwamfuta a 1984, daga baya suka faɗo ƙasa da kashi 20. A jami'o'in Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, an daɗe ana samun mata kusan rabin ɗaliban wannan fanni. Taron PyCon na masu Python kuwa, mata kashi 1 ne na masu gabatar da jawabi a 2011. Da aka tashi tsaye ana gayyata, ana ƙarfafa musu gwiwa, aka kuma kafa ƙa'idar zama a taro, sai suka kai kashi 40 a 2016. Ba a sake halittar kowa ba cikin shekara 5. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: aikin sa-kai da dare da ƙarshen mako ake yin sa, lokacin da a yawancin gidajen duniya mace ke kan girki da raino.

Na huɗu ya shafi shirin Outreachy, wanda ake cewa wariya ce aka juya kanta ga maza. A Mayun 2018 Rafael Ávila de Espíndola, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa ga aikin LLVM, ya fice yana kafa hujja da kundin ɗa'a da kuma haɗa kai da wannan shiri. Ra'ayinsa ne, kuma ya faɗe shi cikin mutunci. Amma a tuna asalin abin. A 2006 gidauniyar GNOME ta karɓi takardun neman gurbi 181 a shirin Google Summer of Code, babu ta mace ko ɗaya. Sai suka buɗe ƙaramin shiri na mata zalla, takardu suka yi ta shigowa. Ashe matan suna nan, ƙofar ce ba su ga alamar tasu ba ce. Marina Zhurakhinskaya ta farfaɗo da shirin a 2010, ya koma Outreachy a 2015 ƙarƙashin Software Freedom Conservancy, kuma daga baya aka faɗaɗa shi ga duk wanda ke fuskantar wariya ko ƙarancin wakilci a fagen fasaha a ƙasarsa, mace ko namiji. Ba kyauta ake rabawa ba: sai mai nema ya yi makonni yana aika gudummawa ta gaske kafin a zaɓe shi, sannan ya yi aikin wata 3 a biya shi dala 7,000. Matasan Nijeriya da Kamaru da Kenya da yawa ta wannan hanya suka fara. Shirin Google ɗin kuma yana nan tun 2005, a buɗe ga namiji da mace. Ba a rufe wa namiji ƙofar da yake da ita ba.

Zargi na biyar shi ne wanda na san zai fi taɓa zuciyar mai karatu Bahaushe: wai kundin nan dabara ce ta cusa aƙidar Turawa masu ra'ayin sauyi, kuma mai addini ba shi da wuri a ƙarƙashinsa. Ba zan yi musun cewa Ehmke 'yar gwagwarmaya ce ba. Ita da kanta ba ta ɓoyewa. A 2015 ta nemi a cire wani daga cikin masu kula da aikin Opal saboda abin da ya rubuta a Twitter kan masu sauya jinsi, a 2018 kuma ta fitar da takardar da ke sukar aƙidar cancanta kai tsaye. Wanda bai yarda da ita ba yana da dalilinsa. Amma an yi kundin ɗa'a tun kafin nata, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ubuntu na da nasa tun 2004. Debian ta amince da nata ta hanyar ƙuri'a a 2014. Yukihiro Matsumoto, mai harshen Ruby, ya ƙi na Ehmke a 2016 ya ɗauki gajere na 'yan layuka. Richard Stallman ya rubuta wa GNU jagorar magana da kirki a 2018, ya ce shi ba ya tare da manufar ƙirga jinsi. D. Richard Hipp na SQLite, Kirista ne mai riƙo da addini, ya ɗauko nasa daga ƙa'idojin Waliyi Benedict na sufayen Kirista na ƙarni na 6. Da aka yi caa a kansa sai ya bar shi da sunan kundin ɗabi'ar masu aikin, ya ɗauki na Mozilla don hulɗa da jama'a. Kowane aiki yana zaɓen nasa.

Ko na Ehmke ɗin ma, hali yake nema, ba imani ba. Bai ce ka yarda da rayuwar kowa ba. Cewa ya yi kada ka zage shi, kada ka tona asirin gidansa, kada ka bi shi da maganar batsa. Kuma a cikin jerin abubuwan da ya hana a wulaƙanta mutum a kansu akwai addini, da ƙabila, da ƙasa, da matakin ilimi, da talauci. A tsaya a yi tunanin wa wannan jeri ke karewa. Yarinyar da ta sa hotonta da hijabi tana aiko gyara daga Zariya, da saurayin Maraɗi da Turancinsa ke tuntuɓe saboda da Faransanci ya yi karatu, da duk ɗan Nijeriyar da aka taɓa yi wa ba'ar damfarar intanet tun kafin ya buɗe baki, su ne baƙin da ba su da uwa a gindin murhu. A fagen da babu rubutacciyar doka, ɗan gida mai ƙarfin murya ne doka. Editocin Wikipedia ta Hausa ma a yau suna ƙarƙashin kundin bai-ɗaya da gidauniyar Wikimedia ta amince da shi a ƙarshen 2020, kuma bai hana kowa rubuta tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba.

Yanzu ga zargin da na ce yana da nauyi: cewa kundin yakan zama makami, kwamiti ya zauna a ɓoye, shi ne mai ƙara shi ne alƙali. Wannan ya faru, kuma masu goyon bayan kundin da ke kawar da kai ba su kyauta ba. A Agustan 2024 aka dakatar da Tim Peters daga Python na wata 3, mutumin da ya ƙirƙiro dabarar jera bayanai da ake kira Timsort, kuma cikin laifuffukan da aka lissafa har da yawan sa baki a muhawara guda. Mutane da yawa da ba maƙiyan kundin ba ne sun ga hukuncin ya wuce kima, ni ma haka na gani. Kundin da FreeBSD ta ɗauka a 2018 ya shiga lissafin ƙananan abubuwa har da aika wa mutum kalmar runguma a rubuce ba da izininsa ba, ya zama abin dariya, suka sauya shi a 2020. A Nuwamban 2021 kuma dukan kwamitin ladabtarwa na harshen Rust ya yi murabus a rana ɗaya, suna cewa manyan shugabannin aikin sun fi ƙarfin dokar da ake hukunta kowa da ita.

Sai dai misalai biyu da aka fi jefo mana a wannan babi, idan aka bi su a hankali, shaida suke bayarwa a kan masu jefo su. A taron PyCon na 2013 wata mata ta ji wasu maza biyu a bayanta suna barkwancin batsa, ta ɗauki hotonsu ta sa a Twitter. Ma'aikatan taron sun kira mutanen gefe, mutanen suka nemi afuwa, magana ta ƙare a nan. Korar ɗaya daga cikinsu daga aiki kamfaninsa ne ya yi, korar matar ma kamfaninta ne ya yi, bayan an yi mata ruwan barazana. Abin da kundin ya tanada ya yi aiki cikin rufin asiri. Ɓarnar ta zo ne daga shari'ar titi, kuma bayan haka masu taron suka ƙara sharaɗin a kai ƙara wurinsu maimakon tozarta mutum a bainar jama'a. Haka a Drupal a 2017, inda aka nemi wani babban mai ba da gudummawa ya tafi saboda al'amuran rayuwarsa ta sirri: kwamitin da ke kula da kundin ya duba bai same shi da karya wata ƙa'ida ba, shugaban aikin, Dries Buytaert, shi ya yanke hukuncin da ikonsa. Wato irin mulkin da masu suka ke kewa, inda mai gida ke kora ba tare da takarda ba, shi ne ya kori mutumin. Kora ba da kundin ɗa'a ta fara ba. Abin da ya kamata a yi faɗa a kansa shi ne a faɗa wa wanda ake zargi laifinsa dalla-dalla, a saurare shi, a ba shi inda zai ɗaukaka ƙara, hukunci ya yi daidai da laifi, kuma dokar ta hau kan shugaba kamar yadda take hawa kan ɗan koyo. Duk waɗannan sai da rubutu ake iya neman su. Rust ta sake tsarin shugabancinta a 2023 saboda murabus ɗin nan, kuma masu murabus ɗin sun iya nuna gazawar ne don akwai takardar da za su ɗaga.

Na ƙarshe ba ya buƙatar dogon zance. A Satumban 2018 an yi ta yaɗa cewa manyan masu rubuta Linux za su janye izinin amfani da aikinsu su durƙusar da ita. Lauyoyin Software Freedom Conservancy suka bayyana cewa abin da aka bayar ƙarƙashin lasisin GPL ba ya janyuwa, kuma babu rubutun da aka janye. Torvalds ya koma bakin aiki ranar 22 ga Oktoba, ranar da aka saki Linux 4.19. Sabon zubi yana ci gaba da fitowa duk bayan mako 9 ko 10, da hannun mutum kusan 2,000 a kowanne. Hukuncin da ya fi yin amo tun lokacin shi ne na Kent Overstreet, mai tsarin adana fayil na bcachefs, a Nuwamban 2024, bayan ya zagi wani abokin aiki ya kuma ƙi neman afuwa a fili kamar yadda aka buƙata. An sanar da dalilin ga kowa, an hana karɓar aikinsa na zubi ɗaya, wato 6.13, da zubin ya wuce aka sake karɓa a farkon 2025.